Tozali da gishiri gini ɗaya ne: abin da ke kayar da yaran Zango a kemistirin jami'a

Duk shekara in sunayen waɗanda aka ɗauka jami'a suka fito, akwai gidaje a unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba na Kumasi, a nan Gana, da murnarsu ke zuwa rabi da rabi. Yaro ya nemi likitanci ko haɗa magunguna a Tek, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, makinsa bai kai ba, aka ba shi kemistiri. Mma ta rangaɗa guɗa don ɗanta ya shiga jami'a. Baba kuwa sai bayan baƙi sun watse yake tambaya ƙasa-ƙasa: to in ya gama, me zai zama?

Ɗan yayata na cikin irin waɗannan yara. Shekarar farko ta wuce masa lafiya, don akasarinta karatun sakandare ne aka faɗaɗa. A ta biyu ya same ni da yamma, fuska a murtuke. Ya ce, "Kawu, oganik ba ta dame ni ba. Amma inoganik da fizikal, wallahi na karanta har na haddace, in na shiga jarrabawa sai in ga tambayar ba ta ko yi kama da abin da ke kaina ba."

Na ce masa ba shi kaɗai ba ne, kuma ba daƙiƙanci ba ne. Makamin da ya ɗauko ne ba na wannan yaƙin ba.

Sunayen da ya ambata rabe-raben fannin ne. Oganik ita ce kemistirin kabon da danginsa: man fetur, roba, akasarin magunguna. Inoganik ta kwashe sauran, wato ƙarafa, duwatsu, gishiri iri-iri, duk abin da ake tonowa daga ƙasa. Fizikal ba ta da nata kayan, ita ce mai awo da lissafi. Tana tambayar me ya sa wannan haɗi yake yiwuwa wancan ba ya yiwuwa, zafi nawa yake ci, da wane sauri yake tafiya. Igiyar da ta ɗaure biyun ƙarshe ita ce maganar tsari: yadda atam, ƙwayar zarra, yake zaune da maƙwabtansa, su nawa ne, ta wane ɓangare, da wace tazara.

A makarantar sakandare an saba wa yaro da tambayar "da me aka yi shi?" A jami'a ana ƙara masa "yaya aka jera shi?", kuma ta biyun ce ta fi yanke hukunci. Daimon da ake tonowa a Akwatia kabon ne zalla. Bakin fensirin da yara ke rubutu da shi, girafait, shi ma kabon ne. A cikin daimon kowane atam yana riƙe da huɗu, kowannensu na riƙe da wasu, har ya zama dutsen gaba ɗaya ƙulli ɗaya ne, babu inda za a ɓamɓare. A girafait kowane atam uku yake riƙe da su, duk a shimfiɗe, falle kan falle kamar tabarmi da aka jibge. Tabarma ɗaya tana da ƙarfi, amma tsakaninta da ta ƙarƙashinta babu wani riƙo na kirki, shi ya sa in an goga a takarda falle ke zamewa ya bar baƙi. Kaya ɗaya, ɗayan yana yanka gilashi, ɗayan yatsa ma na murje shi.

Akwai kuma akasin haka, kuma shi ya fi burge ni. Gishirin Ada da Mma ke sa wa miya, in an duba ƙwayarsa da kyau, 'yan akwatuna ne masu kusurwa daidai. A ciki kowane sodiyam yana da kulorin shida a kewaye: sama, ƙasa, gabas, yamma, kudu, arewa. Kowane kulorin shi ma haka yake da sodiyam shida. Tozalin dutse na gargajiya, wanda kakanninmu ke niƙawa a zuba a tandu, galibinsa dutsen galena ne, dalma da farar wuta. Jerinsa sak na gishiri ne, shida da shida, kuma in aka fasa shi shi ma akwatuna yake bayarwa. Amma gishiri fari ne yana narkewa a ruwa, tozali baƙi ne mai sheƙi, ruwa ba ya ɗaukarsa. A nan ɗalibi ke gane cewa jeri ma bai isa ba, sai an san irin riƙon da ke tsakani: a gishiri sodiyam ya sallama ilektron ɗinsa, ɗan ƙwayar lantarkin da atam ke riƙe juna da shi, kusan gaba ɗaya, a tozali kuwa akwai tarayya a ciki. (Tun da maganar ta zo: kusan kashi 87 cikin 100 na nauyin galena dalma ce, kuma dalma na lalata ƙwaƙwalwar yaro. Ni dai ba na goyon bayan a rambaɗa wa jariri shi ranar suna, ko da kakarsa za ta yi fushi da ni.)

Tambayar da ɗalibi mai hankali ya kamata ya yi ita ce, wa ya gani? Tazarar da ke tsakanin sodiyam da kulorin nanomita 0.282 ce. Za a jera irinta kusan miliyan uku da rabi a cikin milimita ɗaya. Haske kamar igiyar ruwa yake tafiya, kuma wanda ido ke gani tsawon igiyarsa nanomita 400 zuwa 700 ne, ya yi kauri ƙwarai, kamar a ce da taɓarya za a lalubo ƙwayar gero. Sai da aka samu hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti, wanda Röntgen ya gano a 1895. Tsawon igiyarsa daidai yake da tazarar atam. A 1912 Max von Laue da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa in ya ratsa kiristal, wato abu mai jerin atam a tsare irin ƙwayar gishiri, yana tarwatsewa ya bar ɗige-ɗige a kan faifan hoto. A 1913 wani uba da ɗansa a Ingila, William da Lawrence Bragg, suka karanta ɗige-ɗigen suka fitar da jerin gishiri. Sun raba kyautar Nobel a 1915, ɗan yana da shekara 25.

Ba hoton atam ake samu ba, kuma nan ne wahalar take. Abin da faifai ke kamawa ƙarfin kowane ɗigo ne kawai. Lokacin da kowace igiya ta iso, wace ta riga wace, wannan ya ɓace. Kamar a gaya maka ƙarfin bugun kowane kalangu a wurin biki amma a ɓoye maka wanda ya fara da wanda ya bi, sannan a ce ka fitar da kiɗan. Rabin bayanin lissafi da dabara ne ke maido shi.

Gwanar wannan aiki tana da alaƙa da ƙasar nan, kuma da yawa daga masu karanta sunanta a littafi ba su sani ba. Dorothy Hodgkin ta fitar da tsarin fenisilin a 1945, sannan ta shafe kusan shekara takwas kan bitamin B12, mai atam 181 da kobal guda ɗaya a tsakiya. Lokacin da aka sanar da kyautar Nobel ɗinta a 1964 tana Gana, don mijinta Thomas Hodgkin shi ne shugaban Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Legon. Wannan cibiya ce a shekarun nan ta yi ta tattara rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami, har da na Alhaji Umaru na Kete Krachi. Miji na bin tsofaffin takardun malaman Zango, mata na bin atam.

Kafin eksire ma, akwai wanda ya hango tsari da ƙirge kawai, kuma labarinsa shi ne ƙofar inoganik ta jami'a. Alfred Werner, a Zurich, ya tsaya kan wasu gishirin kobal da amoniya da suka rikita masana. Mai amoniya shida ruwan ɗorawa ne, mai biyar shunayya, mai huɗu kuma kala biyu yake fitowa, kore da wani mai ruwan makuba, alhali awo ya nuna kayan cikinsu ɗaya ne (na makubar sai a 1907 Werner da kansa ya samo shi). A 1893 ya ce kobal na zaune a tsakiya da maƙwabta shida. In huɗu amoniya ne biyu kulorin, to kulorin biyun ko dai su zauna kafaɗa da kafaɗa, ko su sa kobal a tsakiya suna fuskantar juna. Zama biyu, kala biyu. Da shidan a shimfiɗe suke kamar mutane sun kewaye tire, da zama uku za a samu. Ba a samu na uku ba. Ya karɓi Nobel a 1913.

Wanda ke baƙin cikin rasa likitanci ya dubi wannan. Akwai maganin kansa da ake kira sisfilatin, filatinam ne a tsakiya da amoniya biyu da kulorin biyu, Amurka ta amince da shi a 1978. In kulorin biyun na gefe ɗaya, magani ne. In suna fuskantar juna, kaya ɗaya nauyi ɗaya, ba ya maganin. Haka jininmu: ƙarfe ne a tsakiyar himogulobin, sinadarin jini mai ɗaukar iska, kujera biyar a cike, ta shida ta iskar da muke shaƙa ce. Iskar gubar da ke cikin hayaƙin janareta da na gawayi, kabon monoksayid, tana kama wannan kujera da ƙarfin da ya ninka fiye da sau 200. Zamanin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, gidajen da suka shigar da janareta cikin ɗaki ko baranda a rufe don tsoron ɓarayi, rigimar kujera ta shida ce ta yi musu illa.

To me ya sa hadda ba ta fitar da yaranmu a nan? Ba na raina hadda. Yaron da ya taso da allo, ya sauke ko ya kusa, yana da ƙwaƙwalwar da 'yan ajinsa ke sha'awa, kuma teburin sinadarai 118 ba zai kai masa mako biyu ba. Amma tambayar jarrabawar tsari ba "kawo" ba ce. Za a ba ka siffar da ba ka taɓa gani ba, a ce ka juya ta a ranka digiri 120, ka faɗi ko ta koma yadda take. Littafi falle ne, allo falle ne, abin da ake magana a kai kuwa yana da gaba da baya da zurfi. Sannan ga harshe. Yaro na Hausa a gida, Tuwi a titi, Turanci a aji, sai kuma a jibgo masa Girkanci ba tare da an fassara ba. Zaman nan na maƙwabta shida sunansa oktahidiral, kuma okta takwas ke nan. Fuskokin siffar ne takwas, kusurwoyinta shida. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta maƙwabta takwas don sunan ya yaudare shi.

Abin haushin shi ne idon da ake nema muna da shi. Mai ɗinkin hula ya san in zane ya maimaitu sau shida a kewayen hula, to ko ta ina aka juya ta kashi ɗaya cikin shida ba za a gane an juya ba. Masaƙin kente a Bonwire ya san wane zane ne in an kifa shi yake komawa kansa. Wannan shi ne darasin daidaiton siffa da ke firgita 'yan aji biyu da uku, an dai sa masa haruffa da lambobi ne. Masana lissafi sun tabbatar cewa hanyoyin maimaita zane a kan shimfiɗa 17 ne kacal, a cikin sarari mai zurfi kuma 230. An kammala wannan ƙirge a 1891, shekara ashirin da ɗoriya kafin kowa ya karanta jerin kiristal ko ɗaya. Duk kiristal na yau da kullum, daga gishiri zuwa sukari, yana cikin ɗaya daga 230 ɗin nan.

Fizikal kuma matsalarta a fili take: lissafi. Wanda ya tsallake kalkulas da ƙyar a sakandare yana murna ya rabu da shi, zai same shi zaune yana jiransa. Babu dabara a nan sai komawa baya a gyara. Amma tambayoyinta biyu ne manya, kuma in an raba su abin na sauƙi. Ta farko, ina abu yake son ya ƙare? Ta biyu, yaushe zai isa? A zafi da matsin iskar da muke rayuwa a ciki, girafait ya fi daimon kwanciyar hankali, wato daimon ɗin zoben Hajiya a hanyar zama bakin fensir yake. Sai dai shingen da zai tsallaka ya yi tsayin da har duniya ta naɗe ba za a ga alama ba. Ɗalibai da yawa na cakuɗa tambayoyin nan biyu, kuma malamai sun san haka, shi ya sa suke ɗana tarko a wurin.

Wanda ke son ganin wannan karatu da idonsa ya hau trotro zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi. Maƙeri zai yanko tsohon sifirin mota, ya sa a wuta har ya yi ja, ya tsoma a ruwa ko baƙin mai, ya fito da kurfi mai yanka ƙarfe. Abin da ya faru a ciki shi ne, baƙin ƙarfe a sanyi kowane atam maƙwabta takwas gare shi. In ya wuce digiri 912 jerin na sauyawa ya koma goma sha biyu, kuma in da kabon a ciki sauyin na farawa tun wajen 727. Sabon jerin na da guraben da kabon ke shiga ya zauna. In aka bar shi ya huce a hankali, kabon na samun lokacin fita, ƙarfe ya yi laushi. In aka tsoma shi farat ɗaya, kabon ya maƙale, jerin ya karkace, ƙarfe ya yi tauri har ya zama mai saurin karyewa. Shi ya sa maƙerin ke sake ɗumama shi kaɗan, yana kallon kalar da ke bin bakin. Bai san sunan ko ɗaya daga jerin nan ba, amma hannunsa bai taɓa kuskure tsakanin "ina zai ƙare" da "yaushe zai isa" ba.

Yanzu ga tambayar Baba. Arzikin ƙasar nan kusan duk inoganik ne. Zinariyar Obuasi, mai yawa daga cikinta a kulle take cikin dutse mai asenik da farar wuta, ruwan sayanayid da ake narkar da zinariya da shi ba ya kai mata. Da can gasa dutsen ake yi, hayaƙin asenik na tashi, sai a 1994 aka kafa masana'antar da ƙwayoyin bakteriya ke cinye dutsen su saki zinariyar. Daga nan sayanayid biyu ke kama atam ɗaya na zinariya, ɗaya ta nan ɗaya ta can a miƙe, su shigar da ita ruwa. Karatun Werner ne tsantsa. Masu galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, su kuwa zaiba suke zubawa ta haɗiye zinariyar, sannan su ƙona. Zaiba na tafasa a digiri 357, zinariya ba ta narkewa sai 1064, don haka ɗaya ta tashi ɗaya ta zauna. Wadda ta tashi huhun mai ƙonawa take fara shiga, saura ta sauka a kogunan Offin da Pra da Ankobra ta shige kifi. Lakar da suke tayarwa kuma alam ake zubawa a matatun ruwa don ta kwanta, kuma gwargwadon dauɗar ruwa gwargwadon alam ɗin da za a saya.

Na boksait, dutsen da ake samun alminiyam daga cikinsa, ya fi ciwo. Ana tono shi a Awaso tun shekarun 1940, a kai Takoradi a loda a jirgi. A Tema kuma akwai VALCO, da ta fara narka alminiyam a 1967 da wutar Akosombo. Tsakanin dutsen da tukunyar akwai mataki ɗaya, tace boksait ya zama farin garin alumina, kuma wannan matakin ba a yin sa a Gana. Muna sayar da dutse, muna sayo gari. Ba zan ce rashin masana kemistiri ne ya jawo haka ba, magana ce ta jari da wuta da siyasa. Amma ranar da za a gina matatar, wanda ya san dalilin da ya sa soda mai zafi ke narkar da alminiyam ta bar jan ƙarfen ƙasa a baya shi za a nema.

Gaskiyar da zan faɗa wa Baba ita ce digirin farko kaɗai ba ya buɗe ƙofa da kansa. Bayan bautar ƙasa wasu na samun ɗakin awo a ma'adinan Tarkwa da Obuasi, wasu hukumar abinci da magunguna ko ta ingancin kaya, wasu matatar ruwa ta Barekese, wasu siminti, da yawa kuma koyarwa. Mai son binciken tsari kansa sai ya ƙara karatu, kuma yawanci sai ya taɓa ƙetare. Hukumar makamashin nukiliya a Kwabenya na da ƙaramin injin bincike tun tsakiyar shekarun 1990, ana awon ƙarafan da ke cikin ƙasa da ruwa da abinci da shi. Amma babbar na'urar hasken eksire da ake kira sinkirotiron, wadda manyan binciken tsari suka dogara da ita yanzu, babu ko ɗaya a duk Afirka. Jodan ta buɗe tata a 2017. Masana sun taru a Akara a farkon 2019 kan yadda nahiyar za ta samu tata, kuma a shekarar ce ma'ajiyar tsare-tsaren kiristal ta Kambirij ta cika miliyan ɗaya. Wanda ke da kiristal a Kumasi yana son irin wannan haske, sai ya nemi gurbi a wuri irin Grenoble ta Faransa, ya jira layi.

Da ɗan yayata ya gama ƙorafinsa ran nan, na aike shi kicin ya ɗauko lemun tsami ɗaya, na karɓo tsinken tsire shida wurin mai nama a bakin layi. Muka soke su sama, ƙasa da kusurwa huɗu. Na tsaga kan guda biyu don su bambanta, na ce ya nemo mini zama nawa za su iya yi. Ya ce biyar. Na ce ya juya lemun. Ya juya, ya sake sokewa, ya juya, biyar suka koma uku, uku suka koma biyu, ya yi ta neman na uku har aka kira magariba. Da muka dawo masallaci na tsaga kan tsinke na uku, na ce to yanzu uku da uku, zama nawa? Mamarsa ta leƙo tana neman lemunta na salak, ya ce ta yi haƙuri, bai gama da shi ba.